Jan Ƙyalle a Igiyar Gassing

Laraba, bayan azahar

Jirginsu ya dawo, kuma ba yau ya kamata ya dawo ba. Ina tsugune a ƙarƙashin gidanmu da ke kan turaku ina gyaran kifi na ji ƙarar injinsa, na gane shi tun kafin ya zagayo bayan masallaci, don duk tsibirin nan babu jirgin da ke tari irin nasa. Masu nutso in sun tafi neman teripang, wannan ƙatuwar tsutsar ƙasan teku da ’yan China ke saya, wata guda suke yi. Waɗannan ko mako biyu ba su cika ba. Matan layinmu duk sun fito bakin ruwa, kowacce na duba kawunan da ke tsaye a kan jirgin tana neman nata.

Nawa ba ya cikin na tsaye.

A cikin zane suka sauko da shi, mutum huɗu. Gassing ne fa, mijina, wanda ke hawa tsanin gidanmu da buhun shinkafa a kafaɗa yana waƙa. Da ya hango ni sai ya washe baki.

“Hasnia, rufe bakin nan kar ƙuda ya faɗa. Sanyin ƙasa ne ya ɗan shige ni. Jibi za ki gan ni a filin ƙwallo.”

Na ce to, Daeng, laƙabin girmamawa da muke kiran manya da shi a nan. Ƙafafunsa kuwa na reto a bakin zanen kamar ba nasa ba.

Ƙanena Sapri ne ke riƙe masa tiyon iska da igiya a wannan tafiyar. Bai shigo gidan ba.

Alhamis, da hantsi

Na mintsini babban yatsan ƙafarsa na dama yana kallon rufi. Bai ji ba. Na hagu ma haka.

Mai dafa musu abinci a jirgi ya zo duba shi, na tsare shi a gindin tsani. Ya ce nutso na huɗu ne a ranar, a wuri mai zurfi. Gassing ya hawo sama lafiya, har ya kunna taba, sai ya ce gwiwarsa na cizonsa, can kuma ya ce a duba masa, kamar tururuwa na bin cinyoyinsa. Sai suka yi abin da kowa ke yi: suka ɗaura masa dalma, suka sa masa tiyo a baki, suka mayar da shi ƙasa don teku ta karɓi sanyinta. Ya fito leɓɓansa sun yi baƙi, haƙora na kaɗawa. Ya tsaya da ƙafafunsa na ɗan lokaci, kowa ya yi hamdala. Kafin magariba ya zube. Kwana biyu suka yi a hanyar gida.

“Amma ai da sauri ya hau,” in ji shi, ya ɗan saci kallona. “Wasu sun ce injin iska ne ya yi tari, wasu sun ce hadari ne ya taso, wasu kuma…”

Na ce masa kofinsa na hucewa.

Alhamis, bayan la’asar

Ban bi ta ƙofar Daeng Tompo, dattijon mai nutso na layinmu, ba. Na zagaya ta bayan makaranta na je rijiya, ga nisa, ga rana.

Juma’a, bayan an sauko daga masallaci

Surukata, wadda muke kira Amma, ta sa an haƙa rami a yashin gabas inda rana ta fi duka. Suka binne shi har ƙirji, aka kafa masa ganyen ayaba a ka. Haka aka yi wa mijinta a da, haka aka yi wa duk wanda sanyin ƙasa ya shiga a tsibirin nan: zafi ne ke korar sanyi. Gumi na zuba a fuskarsa yana ta zolayar masu tura yashin.

“Ku bar min hannu ɗaya a waje mana, marowata, da me zan sha taba?”

Kowa na dariya. Ni ban iya ba. Ganin mijinki rabinsa a ƙasa, da ransa, ba abin da zan yi wa wata fatansa ba ne. Na juya kai, sai idona ya faɗa kan Daeng Tompo a inuwar kwakwa, ’ya’yansa sun kawo shi kallo. Shekara goma sha wani abu ke nan rabonsa da taka ƙasa. Ƙafafunsa sun zama kamar iccen girki. Kuma har gobe yana nutso, goya shi suke yi a baya su kai shi jirgi. Ya ɗaga min hannu. Allah Ya yafe min, na yi kamar ban gani ba.

Da yamma Amma ta murza masa ƙafafu da man kwakwa da citta har hannunta ya gaji.

Asabar, da asuba

Na mintsina. Bai ji ba.

Asabar, da rana tsaka

Tun da ya dawo fitsari ɗis-ɗis yake fita, yau kuma mararsa ta kumbura ta yi tauri. Ya daina zolaya. Ban nemi izinin kowa ba, na ruga ɗakin shan magani na kira Marwa, nas ɗinmu. Ta sa masa robar fitsari, ta jingina masa tukunyar oksijin ɗaya tilo da suke da ita, sannan ta ga yashi a gashin ƙirjinsa.

“Amma, binne shi kuka yi?”

“To da fa? Ke da aka haifa jiya, za ki koya min jinyar ɗana?”

Marwa ba ta yi musu ba. Ta aika shago aka sayo kwalbar lemo, ta ɗaga ta a gabanmu.

“Kun ga kumfa a ciki?”

Muka ce a’a.

“Tana nan. Murfin ne ya danne ta ta narke. Haka ruwa ke danne mutum in ya yi zurfi, iskar da yake shaƙa ta riƙa narkewa a cikin jini da tsoka. Zurfi ya ƙaru, ta ƙaru. Ya daɗe, ta ƙaru. Ya sake komawa bai huta ba, ta tarar da ta ɗazu ba ta gama fita ba.”

Ta murɗa murfin kaɗan-kaɗan, ya yi tsss, lemon bai motsa ba. Ta ce wannan shi ne mai hawa a hankali yana tsayawa a hanya, iskar na fita ta numfashi. Sannan ta ɗaure murfin, ta jijjiga, ta ɓalle shi gaba ɗaya. Kumfa ta wanke mana tabarma.

“Wannan ce a cikin lakar bayansa. Ba sanyi ba ne, Amma. Zafi da tausa ba sa cire ta, ƙara tayar da ita suke yi. Mayar da shi ruwa da aka yi ma, Allah ne Ya tsare bai suma a ƙasa ba.”

Surukata ta dubi tabarmar. Can ta ce, “Ubansa ya warke da yashi.”

“Wasu na warkewa don Allah Ya rufa musu asiri. Wasu kuma…” Ta yi nuni da haɓa wajen taga, wajen gidan da ba na bi ta ƙofarsa.

Akwai wani tankin ƙarfe a babban asibitin Makassar, in ji ta, da ake sa mutum a matsa masa iska kamar yana ƙasan teku, kumfar ta sake narkewa, sannan a sassauta a hankali. Ta ce tun ranar farko ya kamata. Ina jin haka na fita bayan gida na yi amai.

Lahadi

Igiyar ruwa ta hana jirgin fasinja tashi. Ina zaune ina kallon teku ina tsine mata a zuci.

Sapri ya ajiye kifi a gindin tsani ya tafi. Na ba kuliyoyi.

Litinin, da yamma, a asibiti

Mun iso. A kan ƙyauren ɗakinmu muka ɗauko shi, don shi ne abu mai faɗi da muke da shi.

Tankin kamar na mota mai dakon mai yake, da ’yar taga zagayayya. Suka tura shi ciki da wani ma’aikaci, suka rufe ƙofar da wani irin murfi mai kauri. Ta tagar nake hango shi, an rufe masa hanci da baki da abin shaƙar iska. Ya ɗaga min gira sau biyu, irin yadda yake yi min tun muna zance. Na zauna a ƙasa.

Likitan dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya tambaye ni yaushe abin ya faru. Da na gaya masa sai ya rubuta kawai. Na fi son da ya yi min faɗa.

Laraba, bayan azahar

Kullum sai an sa shi a tankin, awanni. Yau likitan ya zauna kusa da ni a benci, ya ce yaya masu nutso suke hawowa a wajenmu. Na ce mai nutso na fizgar igiya sau uku, na sama ya janyo shi da kwandonsa. Kuma ana yabon mai saurin ja, ana cewa hannunsa na da albarka.

Ya dafe goshi. Ya ce bai kamata mutum ya riga ƙananan kumfar bakinsa hawa ba. Kuma dole ya tsaya a hanya, ya sake tsayawa kusa da sama ya daɗe, don a nan kusa da sama ne kumfa ta fi saurin girma. Tsawon tsayuwar kuma ya danganta da zurfin da daɗewar, akwai lissafinsa, ba da ka ake yi ba.

Sai na tuna babana. Shi in ya hawo sai ya maƙale a igiyar anga, a ƙarƙashin inuwar jirgi, ya yi ta zama. Samari na yi masa tsiya, wai tsoho na hira da kifi. Gassing ma na cikin masu dariyar, har kwaikwayonsa yake yi a gidan biki. Babana da ƙafafunsa ya je masallaci har ranar da ya rasu.

Ban gaya wa Gassing na tuna ba.

Juma’a, da asuba

Na mintsini na hagu, ya ce, “Ke, mayya, me na yi miki?”

Na yi kuka har mai shara ta zo ta riƙe ni.

Juma’a, da hantsi

Na dama bai ji ba.

Talata, da yamma

An sallame mu. Tankin ya yi iya abin da zai yi, in ji likita, sauran sai motsa jiki da lokaci da ikon Allah. An cire robar, yana riƙe fitsarinsa. Ƙafar hagu na ɗagawa. Ta dama jan ta yake yi.

A gabana likitan ya dubi idonsa ya ce, “Kai da nutso har abada. Lakar nan ta ji rauni. In ta sake, ba ƙafa kaɗai za ta ɗauka ba.”

“Ranka ya daɗe, ko wanka da kofi zan riƙa yi,” in ji Gassing.

Ya ba likita dariya. Ni na san wannan muryar. Da ita yake ce min ya daina taba.

Asabar, a gida

Tsanin gidanmu ya gagare shi. Da gindi yake hawa, mataki-mataki, yara na leƙe. Ya jefi ɗaya da takalmi. Gassing da bai taɓa ɗaga wa yaron kowa murya ba.

Ban bi ta ƙofar Daeng Tompo ba.

Litinin, bayan la’asar

Tunda na ƙi zuwa, ita ta zo. Daeng Kebo, matar Daeng Tompo, da soyayyiyar ayaba a kwano. Ta zauna ba a ce ta zauna ba.

“Kin daina bi ta ƙofarmu, ’yar nan. Ba ɗauka ake yi ba ai.”

Kunya ta kama ni, na ce rijiyar baya ce ta fi daɗin ruwa.

“Rijiyar baya gishiri ce, kowa ya sani. Tashi in nuna miki yadda ake ɗaga namiji ba ki karya bayanki ba.”

Ta nuna min: a durƙusa, a sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa, a tashi da cinya, ba da ƙugu ba. Da za ta tafi ta tsaya a kan tsani ta rage murya.

“Kar ki bari su kai shi wanka bakin teku. In dai kina iyawa.”

Na ce me ya sa. Ta ce, “A tudu ne kawai suke guragu.”

Ta faɗi kalmar. Ni tun ranar da jirgin ya dawo ban faɗe ta ba, ko a rubutun nan.

Alhamis

Ya ƙi cin abinci. Ya ce kifin ƙanƙara ne, shi bai saba cin kifin da wani ya kamo ba. Yini ya yi yana kallon bango.

Asabar, da hantsi

Na je kasuwa, kafin in dawo abokansa sun ɗauke shi. Na yar da kwandon na bi su.

Na same shi a ruwa, bayan inda ake ɗaure jirage. Wallahi da ban san shi ba sai in ce lafiyarsa ƙalau. Yana juyi, yana nutsewa ya ɓullo can, ƙafar daman na bin sa a baya ba ta hana shi komai. Yana ta ƙyaƙyata dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin tafiyar.

“Hasnia! Dubi mijinki! Wa ya ce na ƙare?”

Makonni ina roƙon Allah Ya nuna min shi yana motsi haka. Ga shi na gani, kuma ban taɓa jin tsoro irin na yau ba.

Lahadi, bayan magariba

Ya tambaye ni ina gilashinsa na nutso. Na ce ya ɓata. Ya ce in duba cikin tukunyar shinkafa, inda na ɓoye shi.

Muka yi ta. Na ce likita ya ce har abada. Ya ce likita a kan kujera yake cin abincinsa. Na ce zan yi tuyar ayaba in sayar, zan yi wankau, zan roƙa masa gadin makaranta.

“In zauna a ƙofar makaranta yara na kwaikwayon tafiyata? A ƙasa ba mai ganin ƙafata, Hasnia. A ƙasa ni ne Gassing.”

“A ƙasa za ka mutu, Daeng.”

“A nan ma mutuwar nake yi, a hankali ne kawai.”

Na juya wajen Amma ko za ta sa baki. Tana jan carbi, ba ta ɗago ba. Ta ce ubansa ma ya koma.

Talata

Mai jirgi ya zo, sun sha kofi. Na ji ana maganar tashi ranar Asabar.

Laraba, da hantsi

Na je wajen Marwa. Ta ce ba wata dabara da za ta sa nutson nan ya zama lafiya a gare shi, in daina yaudarar kaina. Na ce na ji, amma tafiya zai yi, ko na yarda ko ban yarda ba. Sannan ta ce in dai ya zama dole, kar ya yi zurfi, kar ya daɗe, sau ɗaya a yini, a hawo da shi a hankali, a tsayar da shi a hanya. Ta ce wannan rage mugun abu ne kawai, ba kariya ba. Ta nuna min a jikin bango inda tsayuwar za ta kasance, tana buɗe hannuwa tana aunawa gaba-gaba.

Gassing ba zai tsaya da kansa ba, na san halin kayana. Wanda ke sama ne zai tsayar da shi.

Alhamis, bayan la’asar

Na aika a kira min Sapri. Ya zo ya tsaya a gindin tsani kamar baƙo. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito.

“Yaya,” in ji shi, “ranar nan, da ya fizga…”

“Ban tambaye ka ba. Ina igiyar?”

Ya kawo. Muka shimfiɗa ta a yashi tun daga inda ake ɗaura wa mutum a ƙugu. Na yaga jan zanen da na ɗaura ranar aurena, na auna yadda Marwa ta nuna, na ƙulla ƙyalle ɗaya, na matso na ƙulla na biyu. Na ƙulle su da haƙori.

“In na farko ya zo hannunka, ka tsaya. In na biyu ya zo, ka tsaya ka daɗe, ka karanta Yasin har ƙarshenta, ba da gudu ba, ka sake maimaitawa. Zai fizga. Zai zage ka in ya hau, zai zagi uwarmu. Mai jirgi zai ce kana ɓata musu yini, samari za su ce hannunka ya mutu.”

“Yaya, a ba wani igiyar nan. Ni hannuna rawa yake yi.”

“Shi ya sa na ba ka. Sauran nasu ba ya rawa.”

Ya durƙusa a kan igiyar ya yi ta kuka. Na bar shi ya yi. Da ya gama na zuba masa shinkafa, ya ci a gindin tsani.

Juma’a, da yamma

Gassing ya ga ƙyallen. Ya juya shi a hannu, ya gane zanen. Na jira zolaya, ba ta zo ba.

“Har da ni za a sa hira da kifi ke nan,” ya ce a hankali.

Na ce ka gaishe min da su.

Asabar, da sassafe

Na mintsini na dama yana barci. Bai ji ba.

Ba wanda na bari ya ɗauke shi. Na durƙusa, na sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa, na tashi da cinya. Hanyar bakin ruwa ta ƙofar Daeng Tompo ta bi, ta nan muka wuce. ’Ya’yansa sun goyo shi, shi ma jirginsu yau zai tashi. Ya ɗaga min hannu, na ɗaga masa.

Asabar, da hantsi

Sun tafi. Daeng Kebo ta matsa min a kan bencinta da ke kallon teku. Na zauna.